Haƙorin Rekiya

Alhamis, 3 ga Satumba, 1987, bayan La'asar

Jiya da hantsi matata Kulsumu ta ɗauki Rekiya suka tafi Zurmi, gidan mahaifinta. Ta ce ba yaji ba ne, ganin gida ne. Amma ta naɗe tabarmar yarinyar, ta haɗa da ɗan kwanonta na fura. Ganin gida ba ya buƙatar wannan.

Littafin nan na asibiti ne, na rubuta sunayen masu zuwa, ya yi saura. Tunda ba ni da wanda zan gaya wa, bari in gaya masa.

Ni ne Rufa'i da duk Ƙaura ke kira Mai Haƙori. Ni ba likita ba ne, mataimaki ne. Likitan yana zuwa daga Gusau sau ɗaya a wata, sauran kwanakin ni kaɗai ne a ɗakin. Shekara goma sha huɗu. Na cire wa mahauta, na cire wa direbobi, na cire wa ma'aikatan reluwe, har daga Badarawa ana yi mini takakka. Hannuna bai taɓa rawa ba.

Rekiya autata ce, shekararta shida. Haƙorinta na turmi, na ƙasa, na hagu, shi ya hana ta barci mako guda. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Juma'a, 4 ga Satumba, da safe

Na sa an ƙone tawul ɗin nan na ranar Talata, ranar da na zaunar da ita a kujerata.

Litinin, 7 ga Satumba, bayan Azahar

Dakta Shu'aibu, maigidana a wurin aiki, ya zo daga Gusau. Muka ga mutum sha ɗaya. Da muka tashi na tsaya ina wanke awartaki, na daɗe ina wanke abin da ya riga ya wanku, har ya ce, "Rufa'i, fito da ita. Me ke nan?"

Na gaya masa rabi. Ya gane sauran.

Ya ce, "Ai wannan yana faruwa da kowa. Saiwa ce ta rage a ciki, ko? Kawo ta Gusau ranar Asabar. Aikin minti goma ne. A sami mutum uku ƙarfafa su riƙe ta, kafin ta gama ihun farko na tono ta."

Mutumin kirki ne, kuma a duk jihar Sakkwato ban san mai saurin hannunsa ba. Shi ya koya mini aikin nan. Na yi godiya. Amma da ya ce mutum uku, sai na ji kunnena na ƙara. Ni mutum biyu na sa suka riƙe ta.

Talata, 8 ga Satumba, da hantsi

Mako guda. Na cire bakwai yau, duk na manya. Hannuna bai yi rawa ba.

Laraba, 9 ga Satumba, bayan Magariba

Na je Zurmi da kwalbar magani.

Tana ƙofar gida tana wasa da ƙasa. Kuncinta na hagu ya kumbura har ya ja gefen bakinta. Ta hango ni tun ina biyan mai mota. Ba ta yi kuka ba, da ta yi kukan ma da sauƙi. Ta sa hannu biyu ta rufe bakinta, ta ja da baya, ta ja da baya, sai bayan rumbu.

Kulsumu ta fito ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙo. Ta ce zazzaɓi na zuwa da yamma, kuma ban da koko mai ruwa babu abin da ke shiga. Suna sa mata kanumfari. Na miƙa mata kwalbar, na ce cokali ɗaya sau uku.

Ta ce, "Malam, kada ka ce daga hannunka yaf fito. In ta sani ba ta sha."

Surukina Alhaji Hammadu ya amsa gaisuwata da "lahiya" guda ɗaya, ya ci gaba da wasa laujensa.

Alhamis, 10 ga Satumba, bayan Isha'i

Alhamdu lillahi! Na samu.

Yau kasuwar Shinkafi. Da yamma na zauna a tasha wurin mai shayi, don gidan ya yi mini faɗi. Sai ga Ɗanasabe direba ya dawo da lodin albasa. Abokina ne tun firamare. Ya dube ni ya ce na rame. Ban ce masa komai ba, ashe duk tasha an sani.

Ya ja benci kusa ya ce, "Ka san ɗana Haladu, wanda ko aski sai an danne shi? Bara da muna zaune Zariya haƙori yat tasa shi gaba. Anka ce mu kai shi wurin wata likita a babban asibiti, Dakta Asta, 'yar Yola. Yara kaɗai taka gani. Wallahi Rufa'i, yaron ga da ƙahwatai yah hau kujera. Ran da munka gama, kuka ya yi bai son tahiya gida."

Na ce, "Haƙori ai haƙori ne. Wane irin likitan yara kuma?"

Ya ce, "Kai ka sani. Ni dai abin da idona yag gani."

Shekara goma sha huɗu ina aikin nan, direban mota ne zai gaya mini. Na yi dariya, karo na farko tun ran nan. Na sayo masa shayi da ƙwai, ya yi mamaki.

Asabar, 12 ga Satumba, bayan La'asar

Na je Gusau, amma ni kaɗai.

Dakta Shu'aibu ya leƙa bayana ya ce, "Ina yarinyar?" Ya riga ya shirya kayan aiki a kan tire, har da mutanensa uku a bakin ƙofa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, izini na zo nema. Zariya nake son kai ta, wurin likitar yara."

Ya cire gilashinsa ya aje. Ya ce, "Wato hannuna bai yi maka ba."

Na ce, "Hannunka ya fi nawa sau goma. Amma iri ɗaya ne da nawa, kai ka koya mini. Ita kuma ta riga ta san irinsa."

Ban san daga ina maganar ta zo ba. Na ɗauka yau aikina ya ƙare. Ya daɗe yana kallon tire ɗin nan. Can ya ce, "Asta. A makaranta tana bayana da aji uku. Sai ta ɓata awa guda a kan abin da zan yi kafin ka ce kwabo." Ya jawo takarda. "Amma ban taɓa jin yaro ya cije ta ba. Ni kuwa ga yatsana."

Ya rubuta mata wasiƙa da hannunsa, ya ba ni hutun kwana goma. Na fito ina tafe kamar wanda aka naɗa wa rawani. Ɗaya ya faɗi. Saura babban, surukina.

Lahadi, 13 ga Satumba, bayan Magariba

Alhaji yana gona, ana yankan gero. Ban jira shi a zaure ba. Na tuɓe rigata na rataye a kan kalgo, na karɓi lauje a hannun wani, na shiga kunya ta kusa da tasa. Rabona da lauje tun ina saurayi. Kafin Azahar tafina ya yi bororo biyu. Bai ce mini sannu ba.

Sai da aka kawo fura muka zauna a inuwa ya ce, "Mi kaz zo yi?"

Na gaya masa.

Ya ce, "Likita dai. Kai ma ai likita suka ce maka."

Na ce, "Ni na manya ne, Alhaji. Ban san haka ba sai yanzu."

Ya ce, "Jikata ta kwana uku tana zabura cikin barci tana cewa a sake ta. Kai kana Ƙaura ba ka jiya ba. Ni nij jiya."

 

Ya juya ludayi cikin ƙwarya. Ya dubi hannuna, inda bororon ya fashe. Ya ce, "Wagga likita, mace ta?"

Na ce mace ce.

"To ga sharaɗina. Uwatta na tahiya tare da ku. Ba mai danne ta, ko mutum ɗaya. In anka ce sai an danne, ku dawo min da ita da kumburinta, Allah na nan. Na ukku, hannunka ba ya shiga bakinta."

Na ce na yarda da duka ukun.

Ya miƙo mini ludayin ya ce, "Sha. Yankanka bai da kyau, amma ka yi."

Biyu sun faɗi! A mota ina dawowa har waƙa na kama yi, wata tsohuwa ta matsa gefe.

Talata, 15 ga Satumba, cikin jirgi, bayan mun wuce Funtuwa

Rekiya ba ta taɓa shiga jirgi ba, ko da yake kullum tana jin kukansa daga gida. Tana jikin taga, uwarta a tsakaninmu. Zazzaɓin ya sauka tun shekaranjiya, maganin ya yi aiki. Kumburin na nan.

Na sayi ayaba a Gusau na ba Kulsumu ta ba ta. Ta tambayi uwar, "Wa yas saya?" Kulsumu ta ce, "Ni." Ta ci rabi da gefen dama.

Ba komai. Ta ci.

Laraba, 16 ga Satumba, bayan Azahar, Zariya

Mun sauka a Tudun Wada, gidan Iyatu, gwaggon Kulsumu.

Ban san yadda zan rubuta abin da na gani yau ba.

Tun daga ƙofar asibiti Rekiya ta ji warin magani ta ƙanƙame zanen uwarta. Na ce a raina, shi ke nan, mun yi tafiyar banza. Sai wata doguwar mace cikin atamfa ta fito, ba farar riga, ba komai a hannunta. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi Kulsumu ba. Ta tsuguna a ƙasa har kanta ya yi daidai da na yarinyar, ta ce, "Wa ya yi miki kitson nan? Ni nawa duk ya tsufa."

Ita ce Dakta Asta.

Ɗakin nata babu ƙarfe ko ɗaya a fili, duk an rufe da ƙyalle a bayan kujera. Ni nawa a jere suke a gaban mai zama, har ina alfahari da ƙyallinsu. Ta ce da Rekiya kujerar nan doki ce, tana hawa tana sauka, amma ba a hawa sai an so. Rekiya ba ta so ba. Sai ta ce, "To, bari Mama ta hau." Kulsumu ta hau, aka ɗaga ta sama, ta yi salati da ƙarfi. Na ga idon yarinyar ya motsa.

Daga nan ta ba ta ɗan madubin baki ta ce ta ƙirga haƙoran Mama. Sannan ta buɗe nata bakin ta ce a ƙirga mata, amma da Fillanci, go'o, ɗiɗi, tati. Rekiya ta ce "ɗiɗi", abin ya ba ta dariya, ta manta ta sauke hannu daga bakinta.

Awa ɗaya da kwata, na duba agogo. A ƙarshe tana zaune a cinyar uwarta ta buɗe baki da kanta. Likita ta leƙa, ba ta taɓa ba. Ta ce, "Na gode. Yau shi ke nan."

Na biyo ta waje na ce, "Likita, ba za a cire ba? Daga Ƙaura fa muka zo."

Ta ce, "Ba a cire abu cikin kumburi, allura ba ta kamawa. Ka ci gaba da maganin nan, na ƙara wani." Ta buɗe wasiƙar Dakta Shu'aibu ta karanta. "Bai faɗi wanda ya fara taɓa haƙorin ba. Wane ne?"

Na ce, "Wani ne a can Ƙaura."

Ta ce, "To."

Alhamis, 17 ga Satumba, bayan Asuba

Allura ba ta kamawa cikin kumburi. Na sani. Yana cikin littafin shekarar farko. Na sani tun kafin...

A'a.

Juma'a, 18 ga Satumba, bayan an sauko daga masallaci

Yau da safe Rekiya ta hau dokin. Da kanta! Ta ce a ɗaga, aka ɗaga. Ta ce a sauke, aka sauke. Likita ta ba ta ɗan bututun nan mai fesa ruwa ta ce ta gwada. Ta waiga, ta waiga, sai ta saita ni ta jiƙa mini gaban riga sharkaf. Ita kanta ta tsorata da abin da ta yi. Na kama ƙirji na faɗa kan benci na ce, "Wayyo, an harbe ni!" Ta ƙyalƙyale da dariya har kumburin na rawa. Ta ƙara fesa mini. Da rigar a jiƙe na tafi, ban so ta bushe ba.

An ɗauki hoton haƙorin. Likita ta kira ni ni kaɗai, ta ɗaga shi a hasken taga. Ga guntun saiwa biyu. A ƙarƙashinsu kuma, dab da su, ga wani abu fari dunƙule kamar gyaɗa cikin ƙasa.

Ta ce, "Ka gan shi? Haƙorinta na girma ke nan, wanda za ta ci tuwo da shi har tsufa. Yana kwance yana jiran lokacinsa. Da an shiga da ƙarfi ana tono, yarinya na fizge-fizge, da an tafi da shi ko an raunata shi."

Na tuna tiren Dakta Shu'aibu. Asabar ɗin da ta wuce, minti goma.

Na ce, "Likita, mutumin nan na Ƙaura."

Ta ce, "Na sani, Malam Rufa'i. Tun ran farko na ga wanda take kallo in an taɓa ƙyallen nan."

Duk da haka na faɗa mata, daga farko har ƙarshe. Ita kaɗai ta ji, kuma ya isa. Ba ta ce mini "ba komai" ba. Ta ce, "Ko ni ba na taɓa bakin 'ya'yana. Ranar Litinin ka zo ka tsaya inda za ta gan ka, hannuwanka a aljihu."

Litinin, 21 ga Satumba, da hantsi

AN CIRE!

An cire, an cire, an cire. Allahu Akbar.

Litinin ɗin dai, bayan La'asar

Yanzu da na nutsu bari in rubuta yadda aka yi, don kada in manta ko ɗaya.

Kumburin ya sace sarai. Likita ta ce da ita, "Rekiya, yau za mu fitar da baƙin nan biyu da suka hana ki tuwo. Ga dokarmu. In kin ji abin da ba ki so, ki ɗaga hannun nan. Kina ɗagawa zan tsaya. Gwada." Ta ɗaga. Likita ta janye hannuwanta har sama kamar an nuna mata bindiga. Suka yi haka sau biyu da wasa.

Ta shafa mata wani abu a dasashi, ta ce kuncin zai yi barci. Allurar ta zo ta ƙasan haɓa, inda ido ba ya kaiwa, tana ba ta labarin wata akuya da ta shiga jirgi ba tikiti. Ni da na san abin da ake yi, da ƙyar na ga wucewarta. Ta jira. Ta jira fiye da yadda na taɓa jira a rayuwata. Ta taɓa ta ce, "Ya yi barci?" Rekiya ta ce saura kaɗan. Ta ƙara jira.

Tsakiyar aiki hannun ya tashi. Likita ta tsaya cak, ga saiwar ta riga ta motsa, ja ɗaya ya rage. Da ni ne, da na ja. Ita ta aje kayan ta ce, "Mene ne?" Rekiya ta ce hancinta ke ƙaiƙayi. Aka sosa hanci. Aka ci gaba.

Biyun suka fito, ƙanana kamar tsakuwar shinkafa. Babu wanda ya riƙe ta. Kulsumu na kuka a bakin ƙofa, ita kuwa mai haƙorin tana tambaya da auduga a baki ko akuyar ta sauka a Gusau.

Hannuwana na aljihu. Suna ta rawa, na bar su.

Laraba, 23 ga Satumba, cikin jirgi

Ta ci tuwon Iyatu jiya, malmala guda.

Bayan Funtuwa uwarta ta yi barci. Ina kallon gonaki sai na ji an ja hannun rigata. Ta ce, "Baba, duba." Ta wangale baki ta nuna mini gurbin da yatsanta. Na duba daga inda nake, ban matsa ba. Na ce ya yi kyau.

Ta ce, "Akwai wani a ƙasa. Yana barci."

Na ce na gan shi a hoto.

Ta ce, "Saya min rake."

Na ce rake sai bayan mako biyu, likita ta hana. Ta tura baki ta yi fushi da ni har Gusau. Fushi irin na da, na rake. Ban taɓa jin daɗin fushi haka ba.

A Ƙaura muka sauka mu uku. Kulsumu ba ta tambayi motar Zurmi ba.

Asabar, 26 ga Satumba, da yamma

A tasha suna cewa Mai Haƙori ya kasa na gidansa sai da ya kai Zariya. Na ce ƙwarai kuwa, kuma duk mai ƙaramin yaro ya zo in rubuta masa sunan likitar. Mutum biyu sun karɓa. Na mayar da tiren kayan aikina bayan kujera, na rufe da ƙyalle.

Laraba, 30 ga Satumba, bayan Azahar

Ina cikin aiki aka ce ina da baƙo daga Zurmi. Alhaji Hammadu ne, da rawani naɗe har kunci, yana magana da gefen baki. Ya biya ta gida ya ga jikarsa, ga ta nan ta biyo shi riƙe da gefen rigarsa.

Ya ce, "Wani turmi ne nan yah hana ni sakat tun ran Juma'a. Ko ni ma sai Zariya?"

Na ce, "A'a Alhaji, naka irin nawa ne."

Ya hau kujera yana ta zare ido. Mutumin da ya taɓa kama ɓarawon shanu da hannu, sai ga gumi a goshinsa. Na duba, babu kumburi, haƙorin ne ya rube. Na juya zan ɗauko allura.

Rekiya na bakin ƙofa. Ba ta taka ɗakin nan ba tun ranar. Ta dubi kujerar, ta dubi ƙyallen, ta dube ni. Ban kira ta ba. Ta sa ƙafa ɗaya, ta tsaya, sannan ta taho da sauri ta kama babban yatsan kakanta.

Ta ce, "Kaka, kada ka ji tsoro. In ka ji zahi ka ɗaga hannu, Baba na tsayawa." Ta juyo. "Ko ba haka ba, Baba?"

Na ce, "Haka ne."

Alhaji ya ce, "Ke tahi can, amaryar banza, ni ka jin tsoro?"

Sau uku ya ɗaga hannu. Sau ukun na tsaya.